Manajanmu ya rubuto "fast and furious", shin fushi yake da ni?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina aiki a wani kamfanin kai wa mutane kaya gida, kuma da Sallah ta matso aiki ya yi mana yawa. Jiya manajanmu ya turo mini saƙo cewa "orders are coming in fast and furious", wai in shirya. Ni dai na san furious fushi ne. Da ni yake? In ba shi haƙuri ko in yi shiru?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki Hajiya, babu fushi a nan. Kalmomin tare suke tafiya, kuma nufinsu abu yana zuwa da sauri da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa. Yana gaya miki ne oda na zubowa kamar ruwa da bakin ƙwarya. Tsohuwar magana ce. Tana cikin waƙar Tam o' Shanter da Robert Burns, mawaƙin Sikotilan, ya rubuta a 1790, inda yake bayanin yadda raha da rawar mayu suka kankama a wani tsohon coci. Kin ga ko a can nishaɗi ake yi, ba faɗa ba.

Abba Direba: Ni wallahi na ɗauka daga fim ɗin motocin nan na Vin Diesel aka samo ta.

Malam Bala: A'a Abba, fim ɗin farko a 2001 ya fito, maganar ta girme shi nesa ba kusa ba.

Anti Rabi: Ƙanwata, kar ki kuskura ki ba shi haƙuri, sai ya zaci akwai laifin da kika ɓoye. Ki amsa cewa kin gani, sannan ki tambaye shi ko za a ƙaro ma'aikata, da yadda za a biya kuɗin ƙarin lokaci. Nan ne maganar take.

In kuma za ki yi amfani da "fast and furious" ɗin, a kan abubuwa ake faɗinta: tambayoyi a taron manema labarai, muhawara, wasan ƙwallo mai zafi, jita-jita. Kar ki siffanta mutum da ita, musamman na gaba da ke. A takardar neman aiki ma ban ba ki shawara ba, ta fi dacewa da hira da labaran wasanni.

Maman Hanan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Batun kuɗin ƙarin lokacin nan zan fara yi masa gobe.