Ɗana ba ya taɓa littafi sai ina zaune kusa da shi

Maman Uku:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Babban ɗana shekararsa 15, amma har yau ba ya buɗe littafin aikin gida sai na zauna gefensa. Da ya ci karo da tambayar da ba ta yi kama da misalin da aka ba su a aji ba, sai ya ajiye biro ya zuba min ido. Ni ke tuna masa ranar jarrabawa, ni ke tsara masa abin da zai karanta. Malamarsu ta ce in sakar masa mara, wai ni ke hana shi tunani. To in na janye, makinsa ya faɗi fa?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Makin zai iya yin ƙasa da farko, kada hankalinki ya tashi. Irin ɗanki ba ajin da babu su: sun haddace hanya tsaf, amma da ka juya tambayar sai su tsaya cak. Wani mai bincike, Manu Kapur, ya gwada abin a makarantun Singafo. Ya ba ɗalibai lissafin da ba a koya musu ba, suka yi ta fama, yawancinsu ba su kai ga amsa ba, sannan aka yi musu bayani. Da aka zo gwaji, sun fi waɗanda aka fara yi wa bayani gane dalilin abin, sun kuma fi su iya tunkarar sabuwar tambaya, domin sun riga sun ga inda gizo ke saƙar.

In ya kalle ki, kada ki ba shi amsa. Ki ce, "Me ka gwada? Ina ka maƙale?" sannan ki yi shiru. Shirun nan ne mai wuya. A shekarun 1970 wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga malamai wajen daƙiƙa ɗaya kawai suke jira bayan sun yi tambaya. Da jiran ya kai daƙiƙa 3, amsoshin yara suka ƙara tsawo da hujja. Iyaye kuwa sun fi mu gaggawa.

Baban 'Yanmata:
Malam, rabi na yarda da kai. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da tsari da kame kai, ba ya gama girma sai wajen shekara 25. Ka ce wa ɗan 15 ya yi yadda ya ga dama, waya ce za ta cinye daren. 'Yar uwa, lokacin barci da na waya su zauna a hannunki. Darasin da zai fara da yadda zai raba lokacinsa, waɗannan ki bar masa, ko da tsarin bai yi miki ba.

Ɗalibar Jami'a:
Mama, a nan babu mai tuna maka ranar gwaji, kuma waɗanda aka saba tsara wa komai su ne suka fi jin jiki a zangon farko. Amma don Allah ki faɗa masa kafin ki janye, kada ya ɗauka fushi kike yi.

Maman Uku:
Na gode ƙwarai. Malam, in ya daɗe bai rubuta ko layi ɗaya ba fa?

Malamin Lissafi:
Ki ce ya karanta miki tambayar da ƙarfi, ya maimaita ta da kalmominsa. In har yanzu ya kasa, ya rubuta daidai inda ya maƙale, gobe shi da kansa ya kai wa malamarsa.