Saƙo yana shigowa amma ba ya fita a manhajar imel ta Thunderbird

Ɗan_Kanti: Salam 'yan uwa don Allah a taimaka min, tun jiya imel ɗina na Gmail a kwamfuta ya ƙi tura saƙo, na mutane yana shigowa lafiya lau amma nawa sai ya ce ya kasa haɗuwa da saba, kuma akwai rasit da zan tura wa kwastoma yau ɗin nan.

Mai_Gyara: Wa alaikassalam. Hanyar karɓa daban ta turawa daban, shi ya sa. Shiga saitin SMTP, wato na tura saƙo, ka duba, sunan saba smtp.gmail.com ne, fot (lambar ƙofar haɗuwa da saba) 587 da tsaron STARTTLS ko 465 da tsaron SSL/TLS, kar ka cakuɗa su. Wajen tantancewa ka zaɓi OAuth2 (wato shiga ta shafin Google), tun 2022 Google ta daina karɓar fasiwod zalla daga irin waɗannan manhajojin.

Maman_Biyu: Ka duba girman fayil ɗin ma, in ya wuce 25MB ba zai tafi ba. Ni antibayiros ce ta taɓa tare min.

Ɗan_Kanti: Malam Allah ya saka da alheri, ashe 25 ne a wajen fot, na mayar 587 ya tafi nan take. Hajiya na gode.