Ina na huɗun 'yan Queen ya shiga?

Ɗan Rijiyar Lemo:

Assalamu alaikum. Daren jiya da aka kawo wuta na zauna na kalli fim ɗin Bohemian Rhapsody, na tarihin marigayi Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar kiɗa ta Queen. Da na gama sai na shiga YouTube neman wasanninsu na yanzu. Na ga Brian May da gashinsa ya yi fari fat, na ga Roger Taylor a kan ganguna, na ga Adam Lambert yana waƙa a gurbin marigayin. Amma mai kaɗa jitar bes ɗin nan, John Deacon, babu shi ko'ina. Rasuwa ya yi ko ɓatawa suka yi? Abin ya tsaya min a rai, don a duk bidiyon da na gani na da, shi kaɗai ne ba ya ƙoƙarin a gan shi.

Mai Gyaran Rediyo, Kaduna:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka taɓo min mutumina. Bai rasu ba, kuma ba faɗa aka yi ba. Ya ajiye jitar ne a 1997, yana da shekara 46, ya koma gidansa a unguwar Putney ta Landan, ya ja ƙofa.

Ni ba ta hanyar waƙa na fara son sa ba, ta hanyar sana'a ce. Tun ina yaron shago nake jin bugun nan na Another One Bites the Dust, domin da kaset ɗin maigidana yake gwada sifika. Idan ya gama ɗinke sifikar da ta yage, sai ya sa wannan waƙar ya ɗora tafin hannu a jikin akwatin. In ta ɗauki bugun ba ta yi kakari ba, aiki ya yi, a kira mai kaya. Na fi shekara goma ina jin wannan bugu ban san hannun wa ba ne. Ranar da na karanta tarihin mai hannun, sai na tarar ashe ɗan sana'armu ne.

An haife shi a Leicester ta Ingila ranar 19 ga Agusta 1951. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 11, ya taso yaro mai shiru, mai kwance rediyo yana mayarwa. Yana 14 ya shiga wata ƙungiyar samarin garinsu mai suna The Opposition, da jita ta yau da kullum ya fara, daga baya ya koma bes. A 1969 ya bar kiɗan ya tafi Landan karatun lantarki a kwalejin Chelsea, ya kuma fita da sakamako mai daraja ta ɗaya. Ka ga ba don ya rasa abin yi ya rungumi jita ba.

Lokacin da ya haɗu da su Freddie a farkon 1971, sun riga sun gwada masu bes uku, ba wanda ya zauna. Su Freddie mutum uku ne masu zafin kai, kowa gani yake ra'ayinsa ne daidai. Ba su buƙatar zakara na huɗu a akurki ɗaya. Sai ga yaro ɗan shekara 19, ba ya musu, hannunsa ba ya kuskure, ga shi ya san kan waya da dalma. Shi ne autansu, shi ne kuma na ƙarshen shiga.

Abin da ya fi kama zuciyata ya faru a 1972. Yana tafiya a titi ya hango wayoyi suna leƙowa daga wata bola. Ya tsaya ya zaro, ashe fanel ne na wata tsohuwar rediyo mai tiransista. Ya kai ɗaki, ya dasa shi cikin wani ƙaramin akwatin sifika, ya haɗa masa batir mai bolt 9. Ko maɓallin ƙara murya bai sa masa ba. Niyyarsa ya riƙa gwaji a ɗaki ba tare da ya dami maƙwabta ba. Da Brian May ya jona jitarsa a ciki sai ya ji wani sauti da manyan amfilifayoyi masu tsada ba su taɓa ba shi ba, mai zaƙi, wani lokaci kamar goge, wani lokaci kamar abin busa. Da wannan ɗan akwati na bola aka ɗauki sassa da yawa na faifansu, har suna gare shi, Deacy Amp. Injiniyoyi sun yi shekaru suna fama kafin su ƙera mai irin muryarsa. Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban 'yan gwangwan yana tonon fanel ya san daɗin wannan labari.

Mai Fiyano a Jos:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka ba mu tarihi. Bari in ƙara ta ɓangaren kiɗan. Bes tsirkiya huɗu gare ta, masu kauri, muryarta tana ƙasa da ta jita. Aikinta ɗaure ganga da sauran kayan kiɗa wuri ɗaya. A situdiyonmu idan na kashe layin bes don in gwada wani abu, nan take mawaƙi zai ce waƙar ta rame, alhali bai san me na cire ba.

Deacon da bes ƙirar Fender Precision ya fi yin aiki, kuma yawanci da yatsu yake ja. Abin da nake nuna wa yaran da nake koyarwa a wurinsa shi ne yadda yake barin fili. Ka saurari farkon Another One Bites the Dust: bugu uku, sai shiru, sannan sauran su biyo. Shirun nan shi ke sa ƙafa motsi. Shi ya rubuta waƙar a 1980, bayan ya sha zama da 'yan ƙungiyar kiɗa ta Chic ta Amurka, kuma ana jin ƙamshin salon mai bes ɗinsu Bernard Edwards a ciki. Michael Jackson ne ya ba su shawara su fitar da ita ita kaɗai. Gidajen rediyon baƙaƙen fata na Amurka suka karɓe ta hannu biyu, ta yi mako uku a mataki na ɗaya a ƙasar. Sai Under Pressure da suka yi da David Bowie a 1981, wadda ƙwayar sauti biyu kacal na bes ɗinsa ke riƙe da farkonta, ita ce mawaƙin Amurka Vanilla Ice ya ɗauka ya gina tasa a kai. I Want to Break Free ta 1984 ma alƙalaminsa ne. Duk da haka bai taɓa jan baitin waƙa ko ɗaya a faifansu ba.

Malamin Tarihi:

Ina girmama abin da Baba ya faɗa, amma kada yabo ya rufe mana ido. A Oktoban 1984 Queen sun je Sun City a Afirka ta Kudu sun yi wasa, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata, Mandela yana kurkuku. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta ci su tara. Deacon yana cikin tafiyar. Shirun mutum ba ya wanke shi daga abin da ƙafarsa ta taka. Kuma ina ganin akwai nauyi a kansa game da abokan da suka yi shekara 20 tare. A 2001 da aka karrama su a Amurka, aka shigar da su zauren tunawa da gwanayen kiɗan rok, ko leƙawa bai yi ba.

Maman Biyu:

Malam, ni na fi duba gida. Ya auri Veronica a Janairun 1975, 'ya'yansu 6, kuma ita ya rubuta wa You're My Best Friend a shekarar da suka yi aure. Mutumin da ya tashi ba uba, ya kwashe shekaru yana yawon duniya yaransa suna girma a bayansa, in ya ce ya dawo gida ni ban ga laifinsa ba.

Mai Gyaran Rediyo, Kaduna:

Malam, maganar Sun City gaskiya ka faɗa, ba zan kare su ba. Kuskure ne su duka huɗun, kuma mu da muka taso ana tara kuɗi a ƙasar nan don 'yan uwanmu na can, abin ya yi mana ciwo.

Amma a kan abokai na saɓa da kai. Ka nemi bidiyon wasan tunawa da Freddie da aka yi a filin Wembley ranar 20 ga Afrilu 1992, wata biyar bayan rasuwarsa, ka dubi fuskar Deacon lokacin da ya matso gaban makirfo zai yi magana. Na sha mayar da wurin baya. Freddie ne ya riƙa jan sa a jiki tun yana sabon shiga, shi ke ƙarfafa masa gwiwa ya rubuta waƙa, shi ke rera masa abin da ya rubuta. Mutumin da ba ya waƙa da bakinsa, in aka ɗauke wanda ke ara masa murya, me ya rage masa a dandamali? Bayan nan sau biyu kawai ya sake hawa. Na ƙarshen a Faris ne, Janairun 1997, tare da Elton John. A ƙarshen shekarar ya shiga situdiyo suka ɗauki No-One but You, daga nan bai ƙara ba.

Kuma bai hana su ci gaba ba. Suna yawonsu da sunan Queen, rabonsa yana isa gare shi, su da kansu sun sha faɗa cewa har yanzu ana sanar da shi harkokin kuɗi, don tun asali shi ne mai duba musu lissafi. Bai fito ya rubuta littafin tonon asiri ba.

Ɗana na Rijiyar Lemo, in za ka saurare shi kada ka yi da sifikar waya, ba ta fitar da bes. Ka samu abin sa wa a kunne mai kyau, ka fara da Spread Your Wings ta 1977, ita ma tasa ce. Ka manta da muryar Freddie na minti huɗu, ka bi abin da ke tafiya a ƙarƙashinta.

Ɗan Rijiyar Lemo:

Na gode Baba, na gode kowa. Na aro na ƙanena, yau da daddare in sha Allah. Baba, shi wancan akwatin na bola yana nan har yanzu?

Mai Gyaran Rediyo, Kaduna:

Yana nan, a hannun Brian May.