Ya kuka yi da yaranku a wajen likitan haƙori ba tare da maganin barci ba?

Mai tambaya: Salam 'yan'uwa. Yarona ɗan shekara 4 ne, kogo ya fito a turminsa na ƙasa kuma likita ya ce sai an cike, amma ya fi so a gwada yaron yana farke ba sai an sa shi barci ba. Yaron nan ko yanke farce sai an yi dambe. Dan Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa min yadda suka ƙare.

Maman 'yan biyu: Wa alaikissalam 'yar'uwa. Abu na farko ki daina, kuma ki hana kowa a gida, cewa "in ba ka yi shiru ba zan kai ka likita ya maka allura". Wallahi wannan maganar ita ke lalata komai tun kafin a je. Likitar da ta duba nawa ba ta taɓa bakinsu ba sai da ta musu bayani, ta ɗauko ɗan madubin nan ta ba su suka riƙe, ta kunna abin tsotse yawu a tafin hannunsu suka ji yana ja suna dariya, ta goga musu burushin injin a farce, sannan fa ta ce a buɗe baki mu ƙirga haƙora. Suna ta ƙirgawa tare har 20. Faɗa, nuna, sannan a yi, haka take bi da kowane abu. Hassanar da ta fi tsoro sai aka bar ta ta kalli ta 'yar'uwarta tukuna, da kanta ta hau kujera.

Baban yara: Ni abin da ya yi mana aiki shi ne alamar tsayawa. Likita ya ce wa ɗana in ka gaji ɗaga hannun hagu zan tsaya, ya ɗaga kuwa don gwaji, mutumin ya tsaya cak. Daga nan jikinsa ya saki. Kuma Hajiya kar ki ce masa ba zai ji komai ba, in ya ji ko kaɗan ya gama yarda da ke. Ki ce zai ji ƙara da ruwa da ɗan dannawa.

Wata uwa: Ki karɓi lokacin safe, ya yi barci ya ƙoshi. Yaro mai jin barci ba ya jin rarrashi.

Anti malamar makaranta: Tawa 'yar tana da otizim, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane da yadda yake jin ƙara da haske, fitilar nan ta saman kujera da ƙarar injin su ne matsalarta. Mun yi ta zuwa ba a yi mata komai, ta zauna a kujera a ɗaga a sauke mu tafi, wani zuwan a sa madubi kawai. Ranar aiki na sa mata baƙin tabarau da abin toshe kunne, katun yana tafiya a waya. An sha jira gaskiya amma an yi. Wani abu kuma, in kin shiga ɗakin ki yi shiru ki riƙe masa ƙafa ko hannu kawai, in ke kina magana likita yana magana yaro ya rasa wa zai saurara, kuma suna karanta fuskar uwa sosai.

Maman ƙarami: Masu jarirai ku kai su tun haƙorin farko ya fito, kar ya wuce shekara 1. Ni da likita muka zauna gwiwa da gwiwa, yaron yana cinyata yana kallona, aka kwantar da kansa a cinyar likita, ya yi kuka kam amma nan da nan aka gama. Kuma kar a ce ai zai yi famfara a ƙyale, turamen baya na yara suna kaiwa shekara 10 zuwa 12 kafin su faɗi.

Yaya babba: Duk gaskiya ne amma bari in ƙara. Rashin maganin barci ba yana nufin a hana allurar kashe zafi ba, in za a huda sosai ana shafa wani abu a dasashi ya mutu kafin a yi ta. Ɗana haƙoransa da yawa suka lalace har da kumburi, an gwada duk dabarun nan ya ƙi, likita ya ce ba zai danne shi da ƙarfi ba, aka tura mu inda aka sa shi barci aka gyara gaba ɗaya. Ki tambayi likitan tun yanzu me zai yi in yaron ya ƙi ana tsakiyar aiki.