Wa zai biya kuɗin ɗorin ƙanena?

Assalamu alaikum, malamai da masana shari'a. Maƙwabcinmu a wani ƙauye kusa da Ringim ya haƙa ramin masai a gefen hanyar masallaci, ya rufe shi da karan dawa kawai, sai ƙanena ya faɗa ciki bayan sallar isha'i ya karye a cinya. Mai ramin ya ce ya gargaɗi jama'a, kuma yaron bai riƙe tocila ba, amma ni a ganina kara ba murfi ba ne. Sulhun mai unguwa ya ci tura. Shin a mazhabar Malikiyya ana raba kuɗin magani gwargwadon sakacin kowa, ko kuwa duka yana wuyan mai ramin? Idan muka je kotun shari'a, wace shaida alƙali zai nema?