Faya-fayan sabar sun cika, yaya zan koma manya ba tare da na rasa komai ba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata 'yar sabar (kwamfutar da ke ajiye mana fayiloli) da nake kula da ita a wurin aikinmu. Debian, wani nau'in Linux, ce a kanta, faifan ajiya biyu masu 2TB da aka haɗa RAID 1 (kowane faifai kwafin ɗayan ne) da manhajar mdadm, tsarin fayil na ext4 a kai. Shekararta shida ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Jiya da safe na buga df -h, sai ga wurin ajiya ya cika kashi 96. Takardun da muke sikanin ne suka cinye wurin, kuma ko ɗaya ba ta goguwa.

An sayo mini sababbi biyu masu 8TB, ga su nan kan tebur ko ledarsu ban yage ba. Niyyata in zare tsoho ɗaya, in sa sabo, in bar RAID ya cike shi, sannan in maimaita da ɗayan. Akwatin yana da gurbi huɗu, biyu babu komai. Gabana faɗuwa yake, shi ya sa na zo kafin in kwance ko noti ɗaya.

Amsa ta ɗaya:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da fdisk -l. In ka ga ya rubuta "dos", tsohon tsarin raba faifai na MBR ne, wanda a irin waɗannan faya-fayan ba ya iya fatishan (yankin faifai) da ya wuce 2TiB. Kana kwafe tsarin zuwa sabon faifan, to ka ɗaure kanka, sauran wurin zai zauna a banza. Sabon tsarin, wato GPT, za ka yi. In injin da tsohon BIOS yake tashi, ware wa GRUB, manhajar da ke tayar da injin, ɗan fatishan na 1MB. Bayan musanyar sai mdadm --grow da --size=max, sannan resize2fs, don RAID ɗin da ext4 su faɗaɗa su cike sabon wurin. Kada ka tsorata in 8TB ya nuna 7.3T, bambancin lissafi ne kawai.

Amsa ta biyu:
Abin da ɗan'uwa ya faɗa daidai ne, amma ni ban yarda ka zare tsoho ba. Da zarar ka zare shi, duk dukiyarku ta koma kan faifai ɗaya mai shekara shida, kuma dole a karance shi daga farko har ƙarshe, wajen awa huɗu ko fiye. Ni hakan ta faru da ni. Cikin dare ina zaune ina kallon ci gaban aikin a /proc/mdstat, ya haura kashi 80 sai ya tsaya cak: ashe wanda na bari ɗin yana da wani sashe da ya lalace, ban sani ba. Kwana biyu na yi ina tsintar fayiloli.

Tunda Allah ya ba ka gurbi biyu, sa sababbin, ka haɗa musu nasu RAID daban. Gwada su da smartctl -t long tukuna, ka kuma duba lambar samfurinsu ka tabbatar salon rubutunsu CMR ne, don ɗaya salon, SMR, na jan ƙafa sosai wajen dogon rubutu. Sai ka kwafe fayilolin da rsync -aHAX ana cikin aiki. In an tashi daga aiki, ka tsayar da komai, ka sake bugawa ya kwashi abin da ya canza. Tsofaffin kuwa ka rubuta musu kwanan wata ka adana, kar ka goge su sai ka yi wata guda lafiya.

Mai tambaya:
Na duba, "dos" ɗin ne kuwa. Na gode ƙwarai, shawara ta biyu zan bi. Saura tashin injin daga sababbin, me zan gyara?

Amsa ta biyu:
Sabon UUID (lambar shaidar sabon wurin ajiyar) a fayil ɗin fstab, sabon RAID ɗin a mdadm.conf, sai update-initramfs -u da update-grub daga cikin chroot, wato bayan ka shiga kwafin da ke kan sababbin. Yi grub-install a kan duka biyun, ba ɗaya ba, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya tashe ta. Kuma Malam, kwafin da yake wajen akwatin nan fa, kana da shi?

Mai tambaya:
Na watan jiya ne. Yau da dare zan sabunta shi, gwajin smartctl kuma yanzu na kunna.