A bar saitin ESC yadda ya zo daga kamfani, ko a taɓa shi?

Malam Habu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna, don na ga sababbin masu haɗa jirgi maras matuƙi suna ƙona kaya a kanta. Ra'ayina shi ne, ESC, na'urar nan da ke tsakanin batir da inji tana sarrafa gudunsa, a bar ta da saitin da ta zo da shi. Ka liƙa wayoyinka da kyau, ka tabbatar kowane inji yana juyawa ɓangaren da ya dace, ka tashi abinka. Shiga cikin manhajarta ana canza taimin (lokacin da take matsar da wuta zuwa mataki na gaba a juyin inji) da mitar PWM (saurin kunna wutar inji da kashe ta), ko a goge manhajar a ɗora wata, babu abin da yake ƙara wa mai tashi don nishaɗi sai haɗari. Waɗanda suka rubuta manhajar ba da ka suka zaɓi lambobin nan ba.

Auwal: Wa alaikumus salam Malam. To ni da nake shirin kunna nawa na farko, har daidaita totur ɗin ma kada in yi? An ce mini dole ne in kai totur ƙarshe, in jona batir, in jira ƙarar, sannan in sauke shi ƙasa, wai in ba haka ba injuna huɗun ba za su tashi tare ba.

Injiniya Rabi'u: Ƙanina Auwal, amsar tana ga irin siginar da ka zaɓa. A tsohon tsarin sigina na PWM (daban yake da mitar PWM da Malam ya ambata), ƙwaƙwalwar jirgi, wato 'yar kwamfutar da ke daidaita tashinsa, tana aika bugu ne mai tsawon mikrosakan 1000 zuwa 2000, ita kuma ESC tana auna tsawonsa da agogon cikinta. Agogon ESC huɗu ba sa tafiya daidai da juna, shi ya sa ake nuna wa kowace inda ƙasa take da inda sama take. Oneshot125 da Multishot ma haka suke, bugun ne kawai aka gajarta, na farko 125 zuwa 250, na biyu 5 zuwa 25. DShot kuwa lamba ake aikawa kai tsaye. Kowane saƙo yana da bit 16: 11 na totur, 1 na neman bayani daga ESC, 4 na tantance ko saƙon ya iso lafiya. Lamba 1000 a wannan ESC ita ce 1000 a waccan. In DShot ka zaɓa, babu abin da za ka daidaita.

Malam Habu, ka ga tun a nan maganarka ta fara samun tangarɗa. Zaɓen sigina ma ai saiti ne, kuma wani ne zai zauna ya zaɓa.

Malam Habu: Injiniya, wannan a Betaflight ake zaɓarsa, wato manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar jirgi. ESC ta zamani da kanta take gane siginar da aka turo mata. Ni cikin ESC ɗin nake nufi. Ban hana kowa zaɓen DShot ba, ni ma shi nake amfani da shi.

Malama Zainab: Ranka ya daɗe Malam Habu, bari in shigo ta inda na fi damuwa. ESC masu manhajar BLHeli_S suna da yawa a hannun mutane, kuma wannan manhajar da suke zuwa da ita ba ta iya mayar wa ƙwaƙwalwar jirgi bayanin gudun inji ta wayar sigina. Tun da Betaflight 4.1 ya fito a 2019 ake da matatar da ke bin gudun kowane inji tana cire girgizarsa daga abin da jairo, na'urar da ke auna juyawar jirgi, ke ji. Matatar ba ta aiki sai ESC tana faɗin gudun. Ba tare da ita ba, dole ka bar sauran matatun da nauyi, nauyinsu kuma jinkiri ne, jinkirin nan shi ke sa jirgi karkarwa idan ya sauko cikin iskar da farfelarsa ta hargitsa. Wanda ya ɗora Bluejay, wata manhajar da ke maye gurbin BLHeli_S, a kan wannan ESC ɗin dai, bai sayi komai ba, ya samu wannan damar. Yaya za a ce masa bai ƙaru da komai ba? Ni na ji bambancin a hannuna, kuma injuna sun fi saukowa da sanyi.

Malam Habu: Malama, ban musa amfanin ba. Amma faɗa wa Auwal abin da ke faruwa idan ya ɗora fayil ɗin da ba nasa ba.

Malama Zainab: Zan faɗa masa, don gaskiya ce. Auwal, ESC ta BLHeli_S yawanci tana da suna mai kashi uku: harafi, sai H ko L, sai lamba. Harafin farko tsarin ƙafafun guntun da ke cikinta ne, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa ta. H ko L na nuna irin guntun. Lambar ƙarshe ita ce ɗan jinkirin da ake bari tsakanin kashe tiransisto (makunnin wutar inji) na sama da kunna na ƙasa. Idan jinkirin ya gaza abin da ESC ɗin take buƙata, su biyun za su buɗe a lokaci guda, wutar batir ta ratsa su kai tsaye, sai zafi, wani lokaci sai hayaƙi. Amma Malam, ESC Configurator, shafin da ake ɗora manhajar da shi, yana karanta sunan da kansa ya zaɓo fayil ɗin da ya dace. Haɗarin yana kan wanda ya tilasta masa wani sunan daban.

Nura: Ni ina bayan Malam Habu, kuma dalilina taimin ne. Mutum zai karanta cewa taimin mai sama yana ƙara ƙarfi, sai ya kai shi digiri 30, ya manta cewa yana ƙara zafi da shan batir. A BLHeli_S matakai biyar ne, daga digiri 0 zuwa 30, na tsakiya 15, kuma na tsakiyan yana tafiya da yawancin injuna lafiya lau. Me ya kai mutum taɓa shi? Haka mitar PWM. Ana ta yabon kilohaz 48 a kan 24, ba a faɗin cewa ƙarfin birkin inji yana raguwa, jirgi mai farfela inci biyar ya zama ba ya amsa umarni da kaifi kamar da.

Injiniya Rabi'u: Yaya Nura, a kan taimin na yarda da kai rabi. Bari in bayyana abin da ke faruwa a ciki, don Auwal ya gane dalilin da ya sa aka bar wannan saitin a buɗe tun farko.

Injin nan ba shi da wata na'ura da ke gaya wa ESC inda maganaɗisunsa suke. Wayoyi uku ne. A kowane lokaci ESC tana ba biyu wuta, tana sauraron ta ukun, domin maganaɗisu idan ya gifta koyil yana haifar da 'yar wuta a cikinta. Da wannan take gane lokacin da za ta matsa zuwa mataki na gaba, kuma tana yin haka sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Idan ka danna totur da ƙarfi farat ɗaya, wuta mai yawa ta shiga koyil, to bayan an kashe wannan wayar wutar ba ta gushewa nan take. Ragowarta tana iya rufe siginar da ESC ke jira. Sai ESC ta rasa inda inji yake, injin ya tsaya ko ya yi ta kakarewa, jirgi ya juya ya faɗo. Saitin Demag don wannan aka yi shi: yana rage wuta na ɗan lokaci idan ya ga ragowar ta daɗe. Ɗaga taimin ma yana ba ta ƙarin sarari.

To kamfanin da ya ƙera ESC bai san injin da za ka ɗaura mata ba. Bai san ko batir mai sel huɗu za ka sa ko mai shida ba, bai san nauyin farfelarka ba. Wanda ya haɗa babban inji da farfela inci bakwai, jirginsa yana faɗowa duk lokacin da ya buga totur, in ka ce masa kada ya taɓa Demag ka bar shi da jirgin da ba zai tashi lafiya ba.

Nura: Wannan ai mai matsala kake magana a kai, Injiniya. Mai ciwo shi ke shan magani. Auwal bai ko tashi ba tukuna.

Malam Habu: Kuma sau da yawa abin da ake ɗora wa taimin ba laifinsa ba ne. Liƙin dalma ne bai kama ba, ko dogon kusa ya taɓa koyil, ko ba a sa kafasita a bakin wayar batir ba. Kafasita ɗaya mai mikrofarad 470 zuwa 1000 tana kwantar da hayaniyar wutar da birkin inji ke jefowa baya. Mutum zai bar wannan ya tafi yana wasa da lambobi, ciwon ya lafa na kwana biyu, ya dawo ya ƙona inji.

Injiniya Rabi'u: Nan babu gardama, Malam. Kafasita da liƙi su ne farko. Amma bayan an gyara su, wani jirgin yana ci gaba da faɗowa, kuma a nan ne dokarka ta “kada a taɓa” take hana mutum maganin da ke gabansa.

Malama Zainab: Yaya Nura, game da 48 kuma, ka yi maganar inci biyar ka bar ƙananan jiragen da ake tashi da su cikin ɗaki. Injunansu ƙanana ne ƙwarai, a mitar 24 suna ɓarnar wuta ta zama zafi. Masu irin waɗannan suna ɗora 48 ko 96 don batir ya ƙara daɗewa, kuma a jirgin da tashinsa duka 'yan mintuna ne, wannan ƙarin ba ƙaramin abu ba ne. Saiti ɗaya ba zai yi wa mai inci biyar da mai ɗan ƙaramin nan daidai ba.

Auwal: Na gode ƙwarai. Nawa inci biyar ne, ESC ɗin kuma mai manhajar BLHeli_32 ce. Ni ma sai na ɗora Bluejay?

Injiniya Rabi'u: A'a, kada ka gwada. Bluejay na ESC masu guntu mai bit 8 ne, irin na BLHeli_S. Taka mai bit 32 ce, kuma sigoginta na baya-bayan nan suna mayar da bayanin gudu da kansu. An daina sabunta BLHeli_32 a 2024, shi ya sa sababbin ESC da yawa suke zuwa da manhajar AM32, amma wadda ke hannunka za ta ci gaba da aiki yadda take. Kunna DShot mai kai da komo, wanda ESC ke mayar da bayanin gudu ta cikinsa, a Betaflight kawai.

Abu ɗaya kada ka tsallake: adadin maganaɗisun inji. Betaflight yana zuwa da 14, kuma yawancin injunan inci biyar 14 ne, amma ƙirga naka da idonka. ESC gudun wuta take faɗa, ƙwaƙwalwar jirgi ta raba shi da rabin adadin maganaɗisu. Idan injinka 12 ne aka bar 14, inji na juyawa sau 30,000 a minti, girgizarsa tana kan 500 a daƙiƙa, matatar kuma ta je tana tace wajen 429.

Malam Habu: To Auwal, ka ji. A naka jirgin babu abin da za ka canza a cikin ESC sai juyin inji idan ya zo a baibai, shi ma kana iya musanya wayoyi biyu cikin ukun. Har yanzu ina kan bakana a kan sabon shiga. Na BLHeli_S ne Malama Zainab ta sa ni zan sake tunani, amma sai mutum ya yi tashi da manhajar asali tukuna, ya san yadda jirginsa yake, don ya iya gane abin da ya canza.

Malama Zainab: Ni kuwa zan ce mai BLHeli_S ya ɗora Bluejay tun jirgin yana kan tebur, Malam, kafin ya ɓata lokaci yana gyara PID (lambobin da ke daidaita yadda jirgi ke amsa umarni) da matatun da zai sake daga baya. Auwal, ka cire farfela duka huɗun kafin ka jona batir. Ka buɗe shafin injuna a Betaflight, ka ɗaga kowanne a hankali, ka duba lambar kuskuren da ke ƙarƙashinsa. In ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari, sauko daga DShot600 zuwa DShot300 mai rabin saurinsa ka sake dubawa, sannan ka turo mana abin da ka gani.